Motocin Arlit da suka ratsa Dogon Dutsi: yadda Faransa ta tanadi wutarta, da abin da ya rage mana

Duk wanda ya tashi a bakin gudron da ya ratsa Dogon Dutsi da Kore Mai Ruwa ya san ayarin manyan motocin nan da kan ɓullo daga wajen Ƙonni, jami'an tsaro na yi musu rakiya, su nufi Dosso. Masu shayi da masu tsire su bi su da kallo, wani ya ce "kayan Arlit ne", kowa ya koma harkarsa. An shafe fiye da shekara 40 ana haka, kafin hanyar ta toshe a 2023. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar ina kayan za su, nawa aka sayar da su, kuma me ya dawo mana.

Abin da ke cikin motocin duro-duro ne na ƙarfe, cike da garin yuraniyom da aka tace daga dutse, launinsa kamar na garin ɗorawa. Daga Arlit sukan bi ta Agadas da Tawa, su hau babbar hanya kusa da Ƙonni, su ratsa Arewa, su kai Dosso, su gangara Gaya, su haye gadar Malanbil har Faraku a ƙasar Benin, tafiyar kilomita kusan 1,600. Daga nan jirgin ƙasa ya kai kayan Kwatano, jirgin ruwa ya kai su Faransa. A can ake ƙara tace garin a masana'antar Malvési kusa da birnin Narbonne, a inganta shi a Tricastin, sannan ya shiga tukwanen nukiliya da ke ba gidaje da asibitoci da jiragen ƙasa wuta.

Na ɗauko wannan tarihi ne domin a yau ƙasashe masu masana'antu sun sake shiga wani sauyin makamashi. Suna son rage ƙona fetur da kwal saboda ɗumamar yanayi, su koma ga hasken rana da iska da nukiliya da motoci masu batir. Wannan sauyi yana buƙatar ma'adinai irin su litiyom da kobal da jan ƙarfe da yuraniyom, kuma da yawansu a ƙarƙashin ƙasar Afirka suke. Mu a Nijar mun riga mun ga irin wannan zagaye sau ɗaya, daga farkonsa har ƙarshensa. Ya kamata malamai da iyaye su san yadda aka yi, domin ƴaƴan da ke aji yau su ne za su zauna a teburin ciniki na gaba.

Tanadin da aka yi tun kafin a fara haƙa

A shekarar 1957, Nijar na hannun Faransa, masu binciken hukumar ma'adinai ta ƙasashen renon Faransa suna neman jan ƙarfe a Azelik, arewa da Ingal, sai suka ci karo da alamun yuraniyom. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wato CEA, wadda Janar de Gaulle ya kafa a 1945, ta karɓi binciken, ta bi gefen duwatsun Ayar har ta gano manyan jijiyoyin ma'adinin a wajen Arlit.

Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Wata tara bai cika ba, ranar 24 ga Afrilu 1961, aka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro tsakanin Faransa da ƙasashe uku, Nijar da Dahome da Kwaddibuwa. A jikin yarjejeniyar akwai wani ƙarin shafi kan kayan da aka kira masu muhimmanci ga tsaro. An lissafa man fetur da iskar gas, sannan yuraniyom da toriyom da litiyom da beriliyom. Ƙasashen sun amince su riƙa sanar da Faransa shirinsu kan waɗannan kaya, kuma idan sun biya bukatar cikin gida, Faransa ce ke gaba wajen saye. A lura da litiyom a cikin jerin. Ma'adinin da duniya ke rububi a kansa yau domin batir, tun 1961 akwai waɗanda suka rubuta sunansa a takarda, alhali ko tan ɗaya na yuraniyom ba a fitar daga Nijar ba tukuna. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Faransa ta yi aiki da wannan magana.

A 1968 aka kafa kamfanin SOMAÏR, aka gina garin Arlit a cikin hamada domin ma'aikatansa, aka fara fitar da kaya a 1971. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, mai haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akuta, zurfin mita 250, wanda ya fara fitar da kaya a 1978. A cikin COMINAK, ban da Faransa da Nijar, akwai hannun jarin wani kamfanin Japan mai suna OURD da na Sifen mai suna ENUSA. Su ma ƙasashe ne masu masana'antu da ba su da isasshen makamashi a gida, sun zo su tanadi nasu.

Shekarar 1974

A watan Oktoban 1973 aka yi yaƙi tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin fetur suka rage fitar da mai, cikin ƴan watanni farashinsa ya ninka kusan sau huɗu. Faransa ba ta da fetur nata, kwal ɗinta kuma yana ƙarewa. Ranar 6 ga Maris 1974, firaminista Pierre Messmer ya sanar da shirin gina tukwanen nukiliya 13 a matakin farko, domin ƙasar ta daina dogara da man waje wajen samar da wuta. A lokacin babu mai maganar sauyin yanayi, tsoron ƙarancin mai ne ya kora su. Amma sakamakon shi ne, kafin 1990 kusan kashi uku cikin huɗu na wutar Faransa daga nukiliya yake fitowa, har yau kuma yana kusa da kashi 70 cikin 100. Shi ya sa wutarta take cikin mafi ƙarancin hayaƙi a manyan ƙasashen Turai.

Shugaba Diori Hamani ya ga abin da masu fetur suka yi, ya ce to yuraniyom ma makamashi ne, ya kamata a auna kuɗinsa da irin wutar da yake bayarwa. Ya nemi haɗa kai da Gabon, wadda ita ma take sayar wa Faransa. A watan Maris 1974 tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guéna ta zo Yamai, aka tashi ba a daidaita ba. Ranar 2 ga Afrilu shugaban Faransa Georges Pompidou ya rasu. Daren 14 wayewar 15 ga Afrilu, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori. A daren ne aka kashe matarsa, Hajiya Aisa Diori, ƴar ƙasar Dogon Dutsi.

Mutane da yawa sun ɗauka Faransa ce ta shirya juyin mulkin saboda maganar farashi, kuma kusancin ranakun ya isa ya sa a yi wannan zato. Sai dai masanin tarihi Klaas van Walraven, da ya duba takardun gwamnatin Faransa na lokacin, ya nuna juyin ya zo musu ba shiri, har sun yi tunanin tura sojoji su ceto Diori kafin su fasa. A cikin gida kuwa akwai dalilai masu nauyi: farin da ya kashe dabbobi da mutane tun daga 1968, zargin karkatar da hatsin agaji, da fushin sojoji da ɗalibai. Malamin tarihi ya kamata ya gaya wa ɗalibansa duka biyun. Abin da babu gardama a kansa shi ne, a wata guda Faransa ta tsara makamashinta na shekaru 50, ita kuma ƙasar da za ta ba ta ma'adinin tana fama da yunwa, ba ta da injiniyoyin da za su iya tantance abin da ake ɗauka daga ƙasarta.

Shekarun yalwa

Bayan 1974 farashin yuraniyom ya tashi a duniya, har laba ɗaya ta haura dalar Amurka 40 a ƙarshen shekarun 1970. Kuɗi ya shigo Nijar irin wanda ba a taɓa gani ba. Yuraniyom ya zama fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa, kuma a 1981 abin da aka haƙo ya haura tan 4,000.

Dattawanmu suna tuna wannan zamani. Gwamnatin Kunce ta soke harajin kai da ya daɗe yana korar talakawa daga garuruwansu, ta ƙara albashi, ta gina makarantu da ɗakunan shan magani da rijiyoyi. A Yamai aka gina otal ɗin Gaweye da babban ɗakin taro na Palais des Congrès. Aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, mai tsawon fiye da kilomita 600, wadda ake kira hanyar yuraniyom. Yaron da ya ci jarrabawar shiga CEG a lokacin yana da tabbacin littafi da alawus, idan ya kammala kuma aiki na jiransa. Ba daidai ba ne a ce Nijar ba ta ga komai ba daga yuraniyom. Ta gani, na ƴan shekaru.

Kuskuren da aka yi shi ne an ɗauka yalwar za ta dawwama. An ci bashi mai yawa bisa lissafin kuɗin da ba a riga an samu ba. Ba a ware wani asusu na musamman da zai riƙe ƙasa ranar da kasuwa ta faɗi ba. Ƙasar Botsuwana, wadda ita ma ta dogara da ma'adini ɗaya, wato lu'ulu'u, ta kai rabonta a kamfanin Debswana zuwa rabi da rabi, ta riƙa tara rara, har ta kafa asusun Pula a 1994. Mu kuwa mai saye kusan ɗaya ne, kaya ɗaya ne, farashin kuma a kowace shekara ake zama a yanke shi tsakanin gwamnati da kamfanin da shi ne mai haƙa, shi ne mai saye.

Yadda faɗuwar kasuwa ta shigo aji

A watan Maris 1979 aka yi haɗari a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka. Aka soke gina tashoshi da dama, yuraniyom ya yi yawa a kasuwa, farashi ya fara gangarowa. Haɗarin Chernobyl na Afrilun 1986 ya ƙara dagula lamarin, har laba ta koma ƙasa da dala 10 a ƙarshen shekarun 1980. Wani abu ya faru a wata nahiya da yawancinmu ba su taɓa jin sunan garin ba, amma ya iso har cikin ajin makarantar Matankari da ta Geceme.

Ga yadda ya iso. A 1983 Nijar ta je wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya neman rance. Farin 1984 ya zo ya ƙara nauyi. Masu ba da bashi suka gindaya sharuɗɗa: a rage ɗaukar ma'aikata, a rufe ko a sayar da wasu kamfanonin gwamnati, a rage kuɗin da ake kashewa kan ɗalibai. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga kan waɗannan matakai, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, ɗalibai uku suka mutu. Shekarun 1990 suka zo da bashin albashi na watanni, da yajin aiki, da shekarun da aka soke karatu ɗungurungum, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka koma malaman kwantaragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo, har suka zama su ne mafi rinjaye a makarantun firamare.

Ba yuraniyom kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai fari, akwai ƙaruwar jama'a, akwai rashin iya riƙon dukiya. Amma duk malamin kwantaragi da ke jiran kuɗinsa a ƙarshen wata, da duk uban da ya kai kara da zana domin a kafa rumfar aji bayan girbi, suna rayuwa ne cikin sakamakon lissafin da aka yi a ƙarshen shekarun 1970. A wannan lokaci duka, motocin Arlit ba su daina wucewa ta Dutsi ba, wutar Faransa kuma ba ta ɗauke ba. Faɗuwar farashi ma sauƙi ce ga mai saye.

Mai saye ya raba ƙafa

Faransa tana da nata yuraniyom a yankin Limousin, ta haƙe shi har ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe a 2001. Tana buƙatar kimanin tan 8,000 a shekara, saboda haka kamfaninta, COGEMA, wanda ya shiga cikin Areva a 2001, sannan ya koma Orano a 2018, ya shiga Kanada da Kazakistan, aka kuma riƙa saye daga Uzbekistan da Ostireliya. Ana yawan cewa kowane ƙwan fitila uku a Faransa, ɗaya da yuraniyom ɗin Nijar yake ci. Alƙaluman shekarun 2012 zuwa 2022 sun nuna rabon Nijar kusan kashi 20 cikin 100 ne na abin da Faransa ta shigo da shi, bayan Kazakistan. Rabo ne babba, amma ba wanda zai durƙusar da ita ba, balle tana da ajiyar da za ta kai ta shekaru. Sannan ilimin inganta ma'adinin da ƙera tukwanen, inda riba mafi tsoka take, duk yana hannunta.

Shugabannin Nijar sun yi ta ƙoƙarin ƙara rabonsu. A 2007, da farashi ya sake tashi, Tanja Mamadu ya matsa har kuɗin kilo ya tashi daga sefa 27,300 zuwa 40,000, ya kuma buɗe wa wasu ƙofa, ƴan Sin suka shiga Azelik. A Janairun 2009 aka ba Areva babbar mahaƙar Imuraren, aka yi ta alkawarin dubban ayyuka. Sai haɗarin Fukushima ya auku a Japan a Maris 2011, farashi ya sake faɗuwa, aka jingine Imuraren, ta Azelik ma ta tsaya. A Mayun 2014, zamanin Mahamadu Isufu, bayan doguwar taƙaddama da zanga-zangar ƙungiyoyin farar hula, Areva ta yarda a yi mata aiki da dokar ma'adinai ta 2006, wadda ke iya ɗaga harajin haƙa daga kashi 5.5 zuwa 12 cikin 100. Ƙungiyar Oxfam da ta ROTAB sun nuna a lokacin cewa a 2010 yuraniyom ya kai kusan kashi 71 cikin 100 na kayan da Nijar ta fitar, amma bai kai kashi 6 cikin 100 na arzikin da ƙasar ta samar ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi. Makamashin da ake kira mai tsafta a Turai, a Arlit da kwal ake haƙo shi: tun 1981 kamfanin SONICHAR ke ƙona kwal ɗin Anu Araren domin ba mahaƙun wuta. Tace ma'adinin yana shan ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya taru tun dubban shekaru, wanda damina ba ta mayar da shi. Ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen Arlit, da masu bincike na CRIIRAD daga Faransa a 2003, da Greenpeace a 2009, sun auna ruwa da ƙasa da tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa, suka ba da rahoton tururin guba fiye da ƙima a wurare da dama. Kamfanin ya musanta wasu daga cikin zarge-zargen, ya kuma kwashe wasu kayan. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK bayan ta fitar da kimanin tan 75,000. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila, aka bar tarin dusar ma'adini mai guba kimanin tan miliyan 20 da ake aikin rufewa. Mako biyu bayan haka, ranar 13 ga Afrilu, gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a Yamai, yara 20 suka rasu. Shekara 50 ke nan cif da fara fitar da yuraniyom.

Ranar da motocin suka tsaya

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Gaya da Malanbil, hanyar Kwatano ta toshe. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa. Layin da ke ɗauko wuta daga Birnin Kebbi zuwa Dosso da Yamai tun 1976 yake aiki, kuma sai da aka yanke ta mutane da yawa suka gane cewa ƙasar da ta shekara 50 tana ciyar da tashoshin wutar Turai, da wutar maƙwabta take kwana. Ko kafin wannan rikici, mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka muni. Tashar hasken rana ta Goru Banda, mai ƙarfin megawat 30, da aka kunna a ƙarshen 2023, ta rage wa Yamai raɗaɗi kafin wutar Najeriya ta dawo a Maris 2024.

Sabbin hukumomi sun ƙwace lasisin Imuraren daga Orano a Yunin 2024. A Disamba kamfanin ya ce SOMAÏR ta fita daga ikonsa, sannan a Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Kafin nan Orano na da kashi 63.4 cikin 100, kamfanin gwamnati SOPAMIN na da sauran. Orano ta kai ƙara kotun sasanta rikicin zuba jari ta duniya.

Me Faransa ta yi? Tun a Fabrairun 2022 shugaba Macron ya sanar a garin Belfort cewa za a gina sabbin tukwanen nukiliya shida. A Mayun 2023 ya je Mongoliya, a Nuwamba ya je Kazakistan da Uzbekistan, a Janairun 2025 Orano ta sa hannu kan buɗe mahaƙa a Mongoliya. A cikin gida ana shirin haƙar litiyom a yankin Allier. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2024 kan ma'adinai masu muhimmanci, wadda ta ce kafin 2030 a haƙo kashi 10 cikin 100 na bukatarsu a gida, a tace kashi 40, a sake sarrafa kashi 25 daga tsofaffin kaya, kuma kada su dogara da wata ƙasa ɗaya fiye da kashi 65. Tsarin 1961 da na 1974 ne aka sabunta: a rubuta bukata tun da wuri, a raba ƙafa wajen saye, a riƙe ilimin tacewa a gida.

Zagaye na biyu ya riga ya iso maƙwabta. Mali ta buɗe mahaƙar litiyom ta Gulamina a Disamban 2024 tare da wani kamfanin Sin. A jihar Nasarawa ta Najeriya an buɗe masana'antar tace litiyom a Mayun 2024. Kwango ke ba duniya kusan kashi 70 cikin 100 na kobal, amma a Sin ake tace mafi yawansa. Wasu ƙasashe sun fara ɗaukar darasi: Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020 domin a tace shi a gida, Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyom a ƙarshen 2022.

Abin da ya rage ga malamai da iyaye

Mayar da mahaƙa hannun ƙasa mataki ne da ya faranta wa mutane da yawa rai, kuma ana iya gane dalili. Amma tarihin nan ya nuna sauran aiki na nan. Ko wane ne sabon mai saye, ɗan Rasha ne ko ɗan Sin ko Baturke, da nasa lissafin zai zo, kamar yadda Faransa ta zo da nata. Zai zo da masanin duwatsu da lauya da akawu. Idan ɓangarenmu babu irinsu, ko suna nan amma ba a bari jama'a su ga abin da aka sa wa hannu ba, to za a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kundin tsarin mulkin 2010 ya tanadi a riƙa buga kwangilolin ma'adinai kowa ya gani, ya kuma yi maganar asusu domin ƴan baya. Dokar 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin haƙa ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙar. Waɗannan tanade-tanade sun cancanci a ci gaba da neman su a ƙarƙashin kowace gwamnati, kuma ba mai neman abin da bai san da shi ba.

Malamin aji shida na iya koyar da wannan tarihi da allo da alli kawai. A darasin labarin ƙasa, a sa yara su zana hanyar daga Arlit zuwa Kwatano, su nuna inda garinsu yake a kanta. A darasin lissafi, a ba su wannan: idan kilo sefa 40,000 ne, nawa ne tan ɗaya? Miliyan 40. Nawa ne kashi 5.5 cikin 100 nasa, nawa ne kashi 12? Miliyan 2.2 da miliyan 4.8. Idan aka haƙo tan 3,000, nawa ne bambancin? Biliyan 7.8. Daga nan a tambayi magini na gari kuɗin gina aji ɗaya na siminti, yara su raba da kansu. Yaron da ya yi wannan lissafi ya gane dalilin da ya sa aka shafe watanni ana jayayya a 2014 kan lambobi biyu.

Ga iyaye kuma, haƙar ma'adini ta riga ta shigo gidajenmu ta wata ƙofar. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa suka ajiye karatu suka nufi arewa da shebur. Wasu sun samo, wasu sun dawo da tari, wasu ba su dawo ba. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maradi, mutum 18 aƙalla suka mutu. Idan litiyom ko wani ma'adini ya ɓulla kusa da mu, haka za a sake kwasar yara. Wanda ke cikin rami shi ne mafi ƙarancin rabo a duk wannan sana'a. Ƙasar nan tana da makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai da ta EMAÏR a Agadas, akwai jami'a a Dosso tun 2014. Hanyar shigarsu ta bi ta lissafi da kimiyya a CEG da lise, fannonin da yara da yawa ke gudu, ƴan mata kuma ake cire su kafin su kai. Kwamitin iyaye da ya matsa aka kawo wa makarantarsa malamin lissafi ko na kimiyya, ya kuma taimaka masa da masauki domin ya zauna, ya yi wa ƙasa aikin da ya fi dogon jawabi.

Muna da abin koyi daga cikinmu. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar hasken rana ne tun kafin duniya ta damu da ita. Ya jagoranci hukumar ONERSOL daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da hasken rana a nan Nijar, ya shugabanci jami'ar Yamai wadda yau take ɗauke da sunansa. A 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka, inda ya yi kira a koyar da yara da harsunansu. Mutum ɗaya ne ya haɗa maganar makamashi da maganar makaranta, a daidai shekarun da ake gina Arlit. Rana da ya yi nazari a kanta tana nan a Arewa wata goma sha biyu, farantan sola kuma sun shiga kasuwanninmu, suna jan ruwa a lambunan Dallol Mauri, suna cajin waya a ƙauyuka. Amma farantin da batirin duk daga waje ake kawo su, kuma idan sun lalace sau da yawa sai an nemo mai gyara daga nesa.

Wata rana motoci za su sake fitowa daga arewa da kaya, ko su bi ta Dutsi ko su bi wata hanya. Fatanmu shi ne kafin lokacin a sami ƴaƴan Tibiri da Kiyeshe da Dankasari da Sukukutan waɗanda suka san abin da ke cikin duron, suka san nauyinsa da kuɗinsa, suka kuma iya karanta takardar da aka sayar da shi a kanta. Allah ya ba malamanmu haƙuri da lada, ya shirya mana zuri'a.